Yadda Ake Nema wa Yaro Makaranta a Birnin Kano

Duk wanda ya kwaso iyalinsa daga wani gari ya dawo Kano, ko ya sauya unguwa a cikin birnin, da zarar ya gama da maganar gidan haya da ta ruwa, abin da zai tsaya masa a rai shi ne makarantar yara. Ba wai makarantun ne suka yi ƙaranci ba, domin da wuya ka ratsa layi biyu a Ɗorayi ko Hotoro ko Rijiyar Lemo ba ka ga allon wata makaranta ba. Yawansu ne yake rikita mutum, ga shi kuma kowace tana kiran kanta ta ɗaya. Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi 8, wato Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, kuma makarantar da ta dace da mazaunin Yankaba ba lalle ne ta dace da mazaunin Panshekara ba, ko da kuwa aljihunsu ɗaya ne. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, makarantar da ta dace da ɗanka ita ce wadda zai iya zuwa kullum a kan lokaci, kai kuma za ka iya biya har ya gama, kuma ka shiga da ƙafarka ka ga ana koyarwa a cikinta.

Mataki na farko shi ne ka fara neman da wuri. Shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, kuma an kasa ta zango uku, amma mafi yawan iyaye ba sa tashi nema sai an kusa komawa hutu, lokacin da ajujuwa suke a kulle, babu kowa sai maigadi da mai sayar da fom. A irin wannan lokaci fenti kawai za ka gani. Lokacin da ya dace shi ne zango na uku, tsakanin Mayu da Yuli, sa'ad da yara suke aji, malamai suke bakin aiki, kuma damina ta fara sauka, wadda ita ce za ta nuna maka ko rufin yana yoyo da kuma ko layin makarantar yana biyuwa idan an yi ruwa.

Daga nan sai ka auna nisa, kuma ba da ido ko da taswirar waya za ka auna ba. Ka fito daga ƙofar gidanka da ƙarfe bakwai na safe a ranar Litinin, ka bi hanyar da yaron zai riƙa bi, a irin abin hawan da zai riƙa hawa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin a shekarar 2013, a-daidaita-sahu ce motar 'yan makaranta, kuma duk wanda ya san cunkoson Kurna a titin Katsina, ko na Kabuga, ko na Yankaba a titin Haɗeja, ya san cewa tafiyar da take minti 15 da hantsi tana iya cin kusan awa guda da sassafe. Yaron da yake firamare bai kamata a ce sai ya sauya abin hawa sau biyu kafin ya isa aji ba, kuma bai kamata ya riƙa tsallaka babban titi shi kaɗai ba. A ganina, ga ɗan naziri da ɗan firamare, makaranta mai matsakaicin kyau da za a iya takawa da ƙafa ta fi shahararriyar da take wancan gefen gari, domin yaron da ya tashi da asuba ya sha hayaƙi a hanya, ya dawo gida bayan la'asar a gajiye, ba zai iya zuwa Islamiyya ba, kuma ba zai iya buɗe littafi da daddare ba. Idan ya kai sakandare, a nan ne za a iya sassauta wannan sharaɗi.

Bayan ka shata iyakar da ba za ka wuce ba, sai ka san irin makarantun da suke cikinta da kuma hukumar da take kula da kowace, domin wannan ne zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne a makarantun gwamnati. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin sakataren ilimi, wanda shi ne wurin zuwa idan hedimasta ya ce babu gurbi ko kuma kana neman canjin makaranta. Manyan sakandare na jiha suna da hukumarsu daban, kuma a cikinsu akwai tsofaffi masu tarihi irin su Kwalejin Rumfa, wadda ta samo asali daga Midil ta Kano ta 1927, da Kwalejin 'Yan Mata ta Dala, da Makarantar Nazarin Larabci da aka fi sani da SAS, wadda aka buɗe a 1934 a matsayin makarantar horar da alƙalai.

Akwai kuma makarantun da ba a shigarsu sai da jarrabawar gasa, kuma su ne iyaye da yawa suke farga da su bayan lokaci ya wuce. Makarantun kimiyya na jiha, waɗanda aka fara da na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, suna ɗaukar ɗalibai ne bayan sun gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ce take shirya jarrabawar shigarsu. Akwai ta 'yan mata a Garko, akwai kuma ta jeka-ka-dawo a cikin birni ga wanda ba ya son ta kwana. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga waɗannan makarantu suka fito, saboda haka duk mai yaron da yake da kai a lissafi ya kamata ya fara tambayar ranar fitar fom tun yaron yana farkon aji uku. Haka nan makarantun gwamnatin tarayya, kamar ta titin Zariya da ta 'yan mata da take Minjibir, ana shigarsu ne ta jarrabawar bai-ɗaya da hukumar NECO take shirya wa 'yan ajin ƙarshe na firamare, kuma ana yin rajistarta ta intanet watanni kafin ranar zama.

Sai makarantun kuɗi, waɗanda su ne suka fi yawa a sababbin unguwanni, tun daga wadda take cikin gida mai ɗaki huɗu har zuwa masu motoci da filin wasa a Nasarawa da Bompai. Su kuma jiha ta yi musu hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai. Tsakanin na gwamnati da na kuɗi akwai makarantun al'umma, waɗanda mutanen unguwa ko wata ƙungiya suka kafa, kuɗinsu da sauƙi, kuma sau da yawa kulawarsu ta fi yadda ake zato, domin masu makarantar 'ya'yansu ma a ciki suke.

Mataki na gaba shi ne tambaya, amma a san wanda za a tambaya. Mai makaranta ba zai kushe hajarsa ba, kuma wanda bai taɓa sa ɗansa a wurin ba labari kawai yake ji. Mutanen da za su gaya maka gaskiya su ne uwar da take da yara biyu ko uku a makarantar shekara da shekaru, da uban da ya cire ɗansa daga can, da mai a-daidaita-sahun da yake jigilar yaran, da malamin da ya taɓa koyarwa a wurin ya bari. Na ƙarshen nan ya fi kowa amfani, domin shi ne ya san ko ana biyan albashi a kan lokaci, kuma makarantar da ba ta riƙe malamanta ba za ta iya riƙe karatun ɗanka ba. Iyaye mata sun fi maza sanin wannan sha'ani, tun da su ne suke duba jakar yaro idan ya dawo, saboda haka maigidan da ya yanke shawara shi kaɗai a majalisa ya bar rabin labarin a cikin gida. Daga abin da kuka ji, ku tsayar da makarantu uku ko huɗu, kada su wuce haka.

Yanzu ne aka zo ga aikin da ya fi kowane muhimmanci, wato ziyara, domin gani ya kori ji. Ka je ba tare da ka sanar ba, da misalin ƙarfe goma na safe, a tsakiyar mako. Bayan an gaisa a ofis an nuna maka kofunan gasa da hotunan bikin yaye ɗalibai, sai ka roƙi a zagaya da kai, kuma idan aka ƙi, to ka riga ka sami amsa. Ka leƙa kowane aji ka ga ko akwai malami a tsaye yana koyarwa, ko kuwa an bar wani ɗalibi da bulala yana rubuta sunayen masu surutu. Ka ƙirga kawunan yara a aji ɗaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kowa ya san makarantun gwamnati na cikin birni sun ninka haka, amma idan za ka biya kuɗi, bai kamata ka biya don ɗanka ya zauna a cunkushe ba. Ka duba ko akwai taga a ɓangarori biyu, domin zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano marar iska yana hana babba ma tunani, balle yaro.

Sannan ka nemi a ba ka littafin rubutu na wani ɗan aji huɗu, ba wanda malama za ta zaɓo maka ba, wanda kai ka nuna da hannunka daga bencin baya. Ka buɗe tun daga shafin farko. Ka duba kwanan wata, ka ga ko ana aiki kullum ko kuwa akwai makonnin da babu komai. Ka duba jan biro: shin malamin yana gyara kuskure ne, ko kuwa yana dai zana alamar daidai a ƙasan shafi ba tare da ya karanta ba? Na taɓa ganin littafin da yaro ya rubuta cewa 7 sau 8 ya zama 54, kuma ga alamar daidai a gefe da sa hannun malami da kwanan wata. Bayan haka ka buɗe wani shafi na littafin karatunsa wanda ba a kai ba tukuna, ka ce ya karanta maka layi uku, sannan ka tambaye shi da Hausa abin da ya fahimta. Yara da yawa suna iya rera gaisuwa da waƙoƙin Turanci baƙo ya ji daɗi, alhali ba sa iya haɗa baƙi su karanta kalmar da ba su haddace ba. Wannan gwaji na minti biyar ya fi duk takardun talla da za a ba ka.

Kada ka fita ba ka ga banɗaki ba, kuma ka tabbatar na yara aka nuna maka, ba na malamai ba. Ka ga ko akwai ruwa da buta, ko yana da ƙofa mai rufuwa, ko na mata daban yake da na maza. 'Yan mata da yawa da suka fara girma suna fashin makaranta kwanaki a kowane wata saboda wannan kawai, kuma ba za su faɗa wa kowa dalili ba. Ka tambayi inda yara suke sallar azahar idan ana kaiwa lokacin. Ka tambayi yadda ake horo, kuma ka saurari amsar da kyau. Idan hali ya yi, ka sake komawa lokacin tashi ka tsaya daga nesa, ka ga yadda ake sallamar yara: shin akwai wanda yake tsayawa a ƙofa yana tantance mai ɗaukar kowane yaro, ko kuwa buɗe ƙofa ake yi kowa ya kama gabansa? A birni mai girman Kano, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma makarantar kirki za ta nemi ka ba ta suna da hoton wanda ka yarda ya ɗauki ɗanka.

Idan makarantar ta kwanta maka, sai ka koma kan takardunta. Ka nemi ganin shaidar amincewar gwamnatin jiha, kuma ka karanta ka ga matakin da aka amince mata, domin akwai wadda aka ba izinin naziri da firamare kawai, amma da yaranta suka girma sai ta buɗe sakandare da kanta. Idan sakandare ce, ka tambayi lambar cibiyarta ta WAEC da ta NECO, idan kuma ta Larabci da addini ce, ta hukumar NBAIS, ta fasaha kuwa ta NABTEB. Ɗan yayata ya yi shekara shida a wata makaranta da ba mu taɓa yi wa wannan tambaya ba, sai da ya kai ajin ƙarshe aka ce a kawo ƙarin kuɗi, za a kai su wata makaranta a wajen gari su zauna jarrabawa, kuma har yau takardarsa sunan makarantar da bai taɓa karatu a cikinta ba take ɗauke da shi. Ka nemi ganin sakamakon ɗalibansu na shekaru biyu ko uku da suka wuce, gaba ɗayansa, ba na zakarun da aka liƙa a bango ba. Idan kuma aka yi maka alkawarin cewa a nan babu mai faɗuwa, ka yi hattara, domin yaron da aka rubuta wa amsa a allo zai je gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai. Game da malamai, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma ba laifi ba ne ka tambayi malamai nawa ne suke da ita da kuma shekara nawa suka yi a makarantar.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Kuɗin zango da aka faɗa maka a ofis wani yanki ne kawai na abin da za ka kashe. Ka nemi a rubuta maka komai a takarda: kuɗin fom, da na rajista, da yunifom da kayan wasanni, da littattafai, musamman waɗanda ake rubutu a cikinsu ta yadda ƙane ba zai gaji na wa ba, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da na darasin bayan tashi, da na jarrabawa, da na bikin yaye ɗalibai. Ka haɗa da kuɗin mota da kuɗin tara na kullum, ka ninka na zango sau uku, sannan ka ninka da yawan yaran da kake da su da waɗanda suke tasowa. Ka tambayi sau nawa aka ƙara kuɗi a shekaru uku da suka wuce, da ko ana karɓar biya kashi-kashi, da ko ana rangwame ga 'yan gida ɗaya, da kuma abin da ake yi wa yaron da ba a biya masa a kan lokaci ba. Babu abin da yake karya zuciyar yaro kamar a kira sunansa a gaban 'yan ajinsu a ce ya ɗauki jakarsa. Idan lissafin ya nuna sai da bashi za ka iya, to ka sauko zuwa wadda take ƙasa da ita tun yanzu. Iyaye da yawa sun ci riba da suka sa yaro a makarantar gwamnati ta kusa, sannan suka ɗauki malamin da yake zuwa gida da yamma yana ƙarfafa masa karatu da lissafi, kuma wannan hanya ce da ba abin kunya a cikinta.

A Kano ba a gama maganar makaranta sai an haɗa da ta addini, saboda haka ka tsara su tare, kada ɗaya ta cinye ɗaya. Akwai mai boko da safe Islamiyya da yamma, akwai makarantun da suka haɗa boko da haddar Alƙur'ani tun safe har la'asar, akwai kuma makarantar allo ta unguwa da asuba ko bayan magariba. Idan ka zaɓi mai haɗawa, ka nemi jadawalin darussa ka ƙirga awannin da aka ba lissafi da Turanci da kimiyya, domin wasu sun yi ƙarfi a hadda amma bokon suna ne kawai, wasu kuma akasin haka. Ka kuma tambayi ruwayar da ake karantarwa, domin makarantun allo sun saba da Warshu, mafi yawan Islamiyyu kuwa Hafsu suke yi, kuma yaron da ake kai wa nan da can ba tare da an yi masa bayani ba yakan rikice.

Yaron da yake da lalurar ji ko ta gani yana da makarantar gwamnati ta musamman a Tudun Maliki, kuma gara a kai shi da wuri a kan a ajiye shi a ajin da ba a san yadda za a koyar da shi ba. Wanda kuma karatu ya yanke masa, ko matar da aka yi wa aure ba ta gama ba, akwai ajujuwan Hukumar Ilimin Manya ta jiha, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma tana da cibiyoyin mata a cikin birni.

Idan ka tsayar da makaranta, sai ka haɗa takardun shiga: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da ƙananan hotuna, da katin rigakafi ga ƙananan yara, da sakamakon zangon ƙarshe da takardar canjin makaranta ga wanda ya taso daga wani wuri. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a gidajenmu, wato a rubuta yaro da sunan da ake kiransa a gida, kamar Abba ko Ummi ko Baffa, alhali sunan yanka daban ne. Ka tsaya a kan magatakarda har ya rubuta cikakken suna da ranar haihuwa daidai da yadda suke a takardar haihuwa, harafi da harafi, domin lambar NIN da rajistar WAEC da NECO da JAMB duk sai sun yi daidai da juna, kuma gyaran suna daga baya yana cin kuɗi da watanni. Idan canji za ka yi wa ɗan sakandare, ka yi shi a farkon aji ɗaya ko bayan jarrabawar aji uku, kada ka bari sai ajin ƙarshe, domin ana tura makin ayyukan aji na shekarun baya zuwa hukumar jarrabawa, kuma makarantu da yawa ba sa karɓar sabon ɗalibi a wannan mataki. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasiɗi mai hatimi, ka adana shi wuri ɗaya da sauran takardun yaron.

Zangon farko shi ne zai tabbatar maka da zaɓinka ko ya ƙaryata shi. Ka karɓi lambar wayar malamin ajinsu, ka halarci taron iyaye na farko, kuma a kowace Juma'a ka buɗe jakar yaron ka duba littattafansa kamar yadda ka duba na ɗan benci na baya ranar ziyara. Idan ka ga an sauya masa malami sau biyu kafin hutu, ko ya fara ƙirƙirar ciwon ciki kullum da safe, ka je makarantar a cikin makon ka zauna da shugabanta, ka faɗi abin da ka gani, ka kuma nemi a sa ranar da za ku sake zama.